Harsashi: Kalmar da Unguwarmu Ta Koya Mini

Akwai kalmomin da ɗalibin harshe kan koya a aji, akwai kuma waɗanda unguwa kan koya masa tun bai shiga makaranta ba. Ni ba Bahaushe ba ne. A bakin famfo da filin ƙwallo na tsinci Hausa, a gida kuwa yarenmu muke yi. Cikin kalmomin da Anguwan Rukuba ta koya mini, babu wadda ta zauna mini a rai kamar "harsashi". An haife ni a 2001, shekarar da rikicin watan Satumba ya ɓarke a Jos. Na ga na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010 da idon yarinta, kuma ina ɗan shekara 9 bama-bamai suka tashi a unguwarmu a jajibirin Kirsimetin 2010. A wancan zamani idan ƙura ta lafa, mukan tsinci kwanson harsashi a kwata mu riƙa busa shi kamar usur, iyaye su ƙwace su jefa a masai. A wurinmu ma'anar harsashi ɗaya ce: wani gida ya yi rashi.

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na fassara ya ce kowa ya zaɓi fannin da ba a yi rubutu sosai a kansa da Hausa ba, ya karanta, ya samar masa da keɓaɓɓun kalmomi. Wasu suka ɗauki kwamfuta, wasu kiwon lafiya. Ni kuwa na ɗauki gasar harbi daga nesa, musamman yadda ɗan wasa ke zaɓen harsashinsa. Da wani abokina ɗan Anguwan Rogo ya ga takarduna, sai ya ce, "Kai mutumin Rukuba, me ya haɗa ka da harsashi? Ko akwai abin da kuke shirya mana ne?" Muka yi dariya, amma ni da shi mun san wasan nan yana da ƙaya a ciki. Tsakanin unguwarsu da tamu babu nisa, sai dai akwai shekarun da ɗayanmu bai isa ya taka ta ɗaya ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa na ɗauki batun. Ina so in ga ko kalmar da ke sa mu kallon juna a kaikaice tana da wata rayuwa ban da wadda muka sani.

Abu na farko da na lura da shi, duk kayan aro ne daga Larabci: bindiga, albarushi, da shi kansa harsashi, wanda asalinsa ke nufin dalma. Na biyu, Hausa tana kiran abin da ake ɗura wa bindiga harsashi, tana kuma kiran abin da ke fita daga bakinta harsashi. Ga ɗan gasa kuwa dole a rarrabe, domin abin kashi huɗu ne. Akwai kwanso, wato gidan tagulla. Akwai albarushin da ke cikinsa. Akwai ɗan maɓallin gindi da ke tayar da wuta idan an ja kunama, shi na raɗa wa suna ƙyastu. Sai ƙwayar da ke tafiya, na kira ta ƙwayar harsashi.

Wannan wasa ya daɗe a duniya. An fara gasar kofin Palma a 1876 a filin Creedmoor da ke New York ta Amurka, kuma har yau ana harbi a cikinta daga yadi 800 da 900 da 1,000. A Ingila filin Bisley ne matattarar maharba tun 1890. A nan Afirka, Afirka ta Kudu tana da babban fili a Bloemfontein, Kenya ma tana da 'yan wasanta. Ya kai mai karatu, yadi 1,000 mita 914 ne, kusan filin ƙwallo tara a jere. A rukunin da ake kira F-Class, tsakiyar allon da ake bara faɗinta bai wuce santimita 13 ba, kamar tafin hannun babban mutum. Ƙwayar takan yi kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ta isa. A wannan ɗan lokaci ƙasa tana janta, har takan sauka kimanin mita 9, don haka sama ake ɗaga bakin bindiga. Iskar da ke gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta wuce ta kaɗa ganyen mangwaro ba, tana iya ture ta gefe fiye da mita 2.

A nan zaɓen harsashi ke shigowa, kuma kowane allazi da nasa amanu. Ƙwaya doguwa siririya ta fi yanka iska, shi ya sa harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, ya yi farin jini. Tsohon .308 Winchester na 1952 ya fi shi kauri, iska ta fi wasa da shi, amma bututun bindigarsa ya fi daɗewa bai lalace ba, kuma ya fi sauƙin samu. Idan ɗan wasa ya ce zai ƙara albarushi don ƙwayar ta ƙara gudu, zafin wutar zai cinye cikin bututun da wuri, sai ya sayi sabo. Idan ya ce zai ɗauki ƙwaya mai nauyi, bindigar za ta riƙa shurin kafaɗarsa, kuma wanda ya sha shuri sau ashirin yakan fara runtse ido tun bai ja kunama ba. Ga kuma ƙa'idar gasa a kan duk wannan. A rukunin F-TR harsashi iri biyu kawai aka yarda da su, .223 Remington da .308 Winchester, domin a gane gwanin karanta iska, kada mai kuɗi ya sayi nasara. Hatta wurin da ake harbin yana da tasiri. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Legas kauri ba, saboda haka ƙwaya za ta fi riƙe gudunta a nan. Amma fa iskar hunturu da ke ratsa duwatsunmu za ta gwada haƙurin kowane gwani.

Kada wani ya ɗauka ina kiran matasa su nemi bindiga. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu awon milimita 7.62 cikin haramtattun makamai, shi kuwa .308 ɗan'uwan wannan awo ne na jini. Bindigar wasa ma sai da lasin Sufeto Janar na 'yan sanda. Wanda ya tashi a inda na tashi ya san amfanin wannan tsanani. A gasar Olamfik kuwa bindigar iska ake harbawa daga mita 10, sai ƙaramin harsashi daga mita 50.

Da na je ƙauye hutu, na kwashe labarin nan na faɗa wa kakana, tsohon maharbi mai bindigar toka. Ashe duk wannan lissafi yana tafin hannunsa. A tafin yake auna albarushi, kuma ya san idan ya zarce, bututun zai tsage ya tafi da yatsu. Idan zabon daji ko fakara yake nema, ƙananan ƙwayoyi yake ɗurawa masu watsuwa. Idan gada ce, dunƙulen dalma guda. Kafin ya tunkari nama yakan debi ƙura ya saki, ya ga inda iska ta nufa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Da na ce masa Turawa takarda suke harbi, sai ya riƙe baki ya ce, "Aboki, mutum ya ƙone albarushi a kan takarda, ba nama ba romo?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, ita dai takarda ba ta da uwar da za ta yi kuka."

Ranar da na gabatar da aikina a aji, kalmar da na kawo ta abin da bindiga ke yi wa kafaɗa ita ce "bugun baya". Abokin nan nawa ɗan Anguwan Rogo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kakana yana cikin 'yan bindigar hawan Salla, shi shuri yake cewa." Malam ya karɓa, ajin ya karɓa, ita ce kuma na yi amfani da ita a sama. Mun shafe kusan rabin awa, Musulmi da Kirista, muna gardama a kan harsashi, babu wanda ya waiwaya ya dubi ƙofa.

Daga ƙarshe, ina tunatar da 'yan'uwana ɗalibai cewa a rubuce Hausa tana da harsashi biyu. Akwai na bindiga, akwai kuma wanda gwamna kan aza idan za a gina asibiti ko makaranta. Aikinmu na masu nazarin harshe shi ne mu faɗaɗa wa kalma gida, ta yadda yaron da zai tashi a Jos gobe zai fara jin ta a darasin kimiyya ko labarin wasanni kafin ya ji ta a bakin masu gudu. Ga kalmomin da na kawo: kwanso, ƙyastu, ƙwayar harsashi, bututu da shuri. Wanda yake da waɗanda suka fi su dacewa, ya aiko wa wannan mujalla tamu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.