Wanzamin da Ya Shiga Majalisar Amurka

Ranar 12 ga Disamba, 1870, aka rantsar da Joseph Rainey a Majalisar Wakilan Amurka, baƙar fata na farko da ya taɓa zama a cikinta. An haife shi bawa a 1832 a garin Georgetown na jihar Carolina ta Kudu. Mahaifinsa wanzami ne, da kuɗin aski ya fanshi kansa da iyalinsa, sannan ya koya wa ɗan sana'ar. Da yaƙin basasa ya ɓarke, 'yan tawayen Kudu suka tilasta wa Rainey aikin gina ganuwa a Charleston. A 1862 ya tsere da matarsa zuwa tsibirin Bamuda, bai dawo ba sai 1866, bayan an haramta bauta.

Babbar damuwarsa a majalisa ita ce rayukan waɗanda suka zaɓe shi. 'Yan ƙungiyar Ku Klux Klan na bin gidajen baƙaƙen fata da dare, suna duka, suna kisa, domin su hana su jefa ƙuri'a. A 1871 Rainey ya miƙe a zauren majalisa ya goyi bayan dokar da ta ba gwamnatin tarayya ikon murƙushe su. Dokar ta yi tasiri na ɗan lokaci. Amma a 1877 tarayya ta janye kariyar sojojinta, tsoro ya sake mamaye karkara, shi kuwa ya sha kaye a zaɓen 1878. Ya rasu a garinsu a 1887.

Wannan labari bai yi wa mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa nisa ba, su da ke da kujera ɗaya tak a Majalisar Wakilai ta Abuja. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Manufarsu dabam take da ta Klan, amma sakamakon kusan ɗaya ne. Manomin da ya bar gonarsa ya koma gudun hijira a Funtuwa, da wuya ya iya komawa rumfar zaɓen ƙauyensu.

Ɗan majalisa ba shi da soja, abin da ke hannunsa doka ce da kasafi da murya. Su Rainey ya yi amfani da su shekara takwas, ya sa majalisa ta ji abin da ake yi wa mutanensa da dare. Da wannan ma'auni ya kamata mazaɓar ta riƙa auna duk wanda ta aika Abuja.