Hikimar Yatsu Biyu

Wata rana da la'asar sakaliya, ina zaune a bakin kogin Binuwai a Jimeta, sai na ga wani dattijo Bafillace rungume da molonsa mai tsirkiya uku yana kaɗawa a natse, har kallon hannunsa ya shagaltar da ni ga barin sauraren muryarsa. Na lura babban yatsa ba ya rabuwa da gajeriyar tsirkiyar nan, yana ta maimaita amo guda tamkar mai jan carbi, alhali kuwa ɗan ali, wanda aka bar farcensa ya ɗan yi tsawo, shi ke sauka bisa sauran biyun yana fitar da karin waƙa.

Wannan ya tuna mini cewa can a tsibiran Hawai, inda mutanen Fotugal suka kai asalin abin kiɗan da ake kira ukulele a 1879, makaɗan tsirkiyoyinsa huɗu sun saɓa, wasu na wadatuwa da yatsu biyu, wasu sai sun haɗa huɗu. Amma da na kama hanyar Yola bayan magariba, abin da ya zauna mini a zuciya shi ne ladabin yatsun dattijon nan, domin kowanne ya san muƙaminsa, bai shiga haƙƙin ɗan'uwansa ba.