«Like» da abokan tafiyarta: yadda ake cewa «ina so sosai» da Ingilishi



Tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Amma mu mutanen kudu, Ingilishi bai jira takarda ba kafin ya shigo mana gida. Mai bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, da mai fita ta Magarya ya nufi Kano, da na Ƙonni mai tsallakawa Illela, duk sun daɗe suna cin karo da shi. Yanzu kuma ga salula: ɗan kasuwa na zaune a rumfarsa yana ciniki da mai kaya a Legas, Dubai ko Gwanzu ta WhatsApp. Shi ya sa yau muka ɗauko kalma guda tak, wadda kowa ya sani ko da bai taɓa shiga lakwal ba, wato «like». Ita ce ɗan yatsan nan na Facebook, wanda wayoyinmu masu Faransanci ke rubuta «J'aime».

Ma'anarta ba ta da wuya: so, ko abu ya kwanta maka a rai. Aikin yana wajen ƙara mata ƙarfi, wato in kana son ka ce «ina so sosai», «ina so ƙwarai», «ina matuƙar so».

Mu fara da abin da muka sani a gida. Bahaushe na cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Ba wanda zai ce «fari ƙirin» a Kasuwar Dole bai sha dariya ba. Kowace kalmar ƙarfafawa da abokin tafiyarta. To, haka Ingilishi yake. Kalmar «very» tana tafiya ne da sifa: «very good», «very hot», «very big». Ba ta tsayawa ita kaɗai a gaban aikatau. Don haka «I very like it» ba magana ba ce. Mu da muka yi kwalej da lise da Faransanci, wannan bai kamata ya zame mana baƙo ba, don «très» ma haka take. Ana cewa «très bon», amma in aikatau ne sai a koma ga «beaucoup».

Sai dai nan ne Faransanci ke rabuwa da mu a hanya. Bafaranshe na manna «beaucoup» a jikin aikatau: «j'aime beaucoup le thé». Wanda ya bi wannan sahu zai ce «I like very much tea», kuma kunnen mai Ingilishi ba ya karɓar haka. Shi sai ya fara faɗin abin da yake so, ƙarfin ya zo a ƙarshe: «I like tea very much». Ku sake kallon jimlar da kyau. Ina son shayi sosai. Kun gani? Jerin Hausa ne sak. Kenan wanda ya tashi daga Hausa ya faɗa Ingilishi kai tsaye ya fi wanda ya zagaya ta Faris saurin isa.

A maganar yau da kullum kuwa, abin da za ku fi ji shi ne «really», kuma ita gaban aikatau take zama: «I really like this cloth», wato wannan yadi ya burge ni da gaske. Akwai kuma «a lot» da «so much», su a ƙarshe suke zuwa: «I like it a lot», «I like it so much». Ta farko ta hira ce tsakanin abokai, ta biyu ta fi nuna motsin zuciya. Ita kuwa «much» tsurarta ba ta cika fitowa ba sai a jimlar ƙi ko tambaya. Ana cewa «I don't like it much», amma «I like it much» ba ta zauna ba.

Yanzu ku kasa kunne, don nan ne kuɗi da zumunci ke shiga. Ga jimloli biyu, kalmominsu ɗaya, wuri kawai suka sauya:

«I don't really like it.»
«I really don't like it.»

Ta farko lallausa ce: bai kwanta mini sosai ba, amma ƙofa a buɗe take. Ta biyu kuwa rufe ƙofa ce: sam ba na so. A ce mai kaya ya turo maka hoton shadda, kalar ba ta yi maka ba, amma kana son a ci gaba da ciniki ko a ɗan rage maka wani abu. In ka aika masa ta farko, zai nemo wata kala ko ya sassauta farashi. In ka aika ta biyu, yana iya ɗauka ka raina kayansa, ya juya ga wani. Haka in aka gayyace ka cin abinci aka tambaye ka ko ya yi daɗi. Magana zarar bunu ce, kuma saƙon waya ya fi ta baki zama, don ana komawa a sake karanta shi.

Sai babbar, wato «too much». Kunnenmu ya saba da ita ta fuska biyu. Maƙwabtanmu na Najeriya in sun ce maka «you too much» da Turancin buroka, yabo ne, wato kai gwani ne. Samarinmu masu Faransanci ma suna cewa «c'est trop bon», ko «je l'aime trop», suna nufin ya yi kyau matuƙa. Dukansu daidai ne a wurinsu. Amma a Ingilishin makaranta da ofis, «too much» na nufin ya yi yawa, ya wuce kima, har ya zama matsala. Wanda ya ce «I like sugar too much» kuka yake da kansa, yana faɗa maka sukari na neman yi masa illa. Don haka in ka rubuta wa baƙo «I like your work too much», ko «thank you too much», zai gane nufinka mai yiwuwa, amma zai gane kuma ba ka riƙe harshen da kyau ba. In takardar neman aiki ce a wata ƙungiya, wannan kaɗai na iya sa ta koma ƙasan tari. Abin faɗi shi ne «thank you very much» ko «thank you so much».

Tunda mun taɓo takarda, ga wani abu. Kalmar «so» ta Hausa tana ɗauke da kaya uku da Ingilishi ya raba: «like», «love» da «want». A wasiƙa, «I want this job» na da kaushi, kamar mai buga tebur. Mai ladabi cewa yake «I would like», daidai da «je voudrais» da mushe ya koya mana. In yana son ya nuna ɗoki, sai ya ce «I would very much like to work with you». A irin wannan magana ta girmamawa, «very much» na iya wucewa gaban aikatau.

Samari da ƴan mata kuma, ga naku. Kun san a Faransanci «je t'aime beaucoup» bai kai «je t'aime» nauyi ba, ƙarin ne ma ke rage shi. Ingilishi na da irin wannan. Ko nawa aka jibga wa «like», ko «really» ko «very much», ba ta zama «love». Wadda ta rubuto «I like you very much» ta yaba da halinka ne. Kada a je a fara tara kuɗin lefe kan wannan jimla tukuna.

Abin da muke son ku riƙe shi ne, kalmar ƙarfafawa gishiri ce. Kaɗan ya isa, kuma sai a inda ya dace. A taƙaice: «really» a gaba, «very much» da «a lot» a ƙarshe, «very» ba ta tafiya ita kaɗai da aikatau, «too much» kuwa a bar ta sai abu ya wuce gona da iri. Kafin ku danna saƙo ya tafi, ku faɗi jimlar da Hausa a zuci, ku ga inda «sosai» ta zauna. Sau da yawa can ne wurin.

Malaman Ingilishi da ke saurarenmu, da ƴan kasuwarmu masu zirga-zirga, muna jiran naku misalan. Allah ya bar zumunci, ya ba kowa sa'ar abin da ya sa gaba.