Hadarin Farko a Bomo

Duk wanda ya zauna a Samaru ya san halin watan Afrilu. Tun da hantsi rana take fitowa da ƙarfinta, kwanon ɗaki ya ɗauki zafi kamar tanda, da dare kuwa kowa ya ja tabarmarsa zuwa tsakar gida. Rijiyoyi sun yi ƙasa, 'yan garuwa sun ƙara kuɗi, iyaye mata suna ta taɓa wuyan 'ya'yansu, gama lokacin sanƙarau ke nan, manya kuwa ba su manta da abin da cutar nan ta yi a 1996 ba. A irin wannan lokaci ne, ran wata Asabar da la'asar, na hau kekena na nufi Bomo.

Bomo ba nisa. Ƙauyen manoma ne a gefen Samaru, cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari, ko da yake yanzu gidajen bulo sun matso har mutum bai cika gane inda gari ya ƙare, ƙauye ya fara ba. Akwai tafki a nan kusa, inda masu lambu suke ban ruwa da rani. Ran nan na tarar ruwan ya janye, laka ta bushe ta tsattsage. An share gonaki, an zuba taki tsibi-tsibi, ana jira. A kan wata bishiya na hangi shamuwa biyu. Wani tsoho da ke gyara ƙotar fartanya a gindinta ya nuna mini su da haɓa, ya ce, "Malam, baƙi sun iso." Kowane yaro a ƙasar Hausa ya san in shamuwa ta zo, damina tana bakin ƙofa.

Ba yawo ya kai ni ba. Akwai wata gwauruwa 'yar ikilisiyarmu da ke zaune can da jikanta, wanda yake ajina. Tun cikin hunturu ta kawo kuka wurin dattawa cewa gara ta cinye katakon rufin ɗakinta. Aka yanka kuɗi daga baiko, aka damƙa mini, ni ne zan nemo kafinta. Sai jarrabawa ta zo, bayanta bikin Ista, bayansa kuma wani uzuri. Wata uku kuɗin yana kwance cikin ambulan a akwatina. Na je ne in ba ta haƙuri, in ce mata mako mai zuwa.

Muna cikin gaisuwa sai iska ta ɗauke ɗif. Ko ganye ba ya motsi. Na waiwaya gabas, sai ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ƙasansa ja saboda ƙura.

Abin nan ina koya wa yara shi a aji kowace shekara. Iska biyu ce take ja-in-ja a kan ƙasarmu: busasshiya daga hamada ta arewa maso gabas, ita ce mai kawo mana hunturu, da mai laima daga teku ta kudu maso yamma. Da bazara ta tekun takan turo ta hamadar zuwa arewa, ƙasa kuwa ta riga ta yi zafi ƙwarai, sai iska mai ɗumi ta yi sama da sauri ta tara gizagizai masu tsawo. Su ne suke tafiya a jere daga gabas zuwa yamma, iska mai ƙarfi tana gabansu. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa tushenta tun 1922, ta daɗe tana auna ruwan wannan yanki, kimanin milimita 1,000 ne a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba. Duk na san wannan. Amma zana shi a allo daban, tsayawa a gabansa daban.

Muka ruga ɗaki mu uku. Ƙura ta fara, tsakuwa tana bugun ƙofa, awaki suna ta kuka. Sai na ji kwano yana ɗagawa yana komawa, kamar wani yana numfashi a bisanmu. A karo na uku bai koma ba. Rabin rufin ya tashi gaba ɗaya, da katako da ƙusoshi, muka ga sararin sama da walƙiya. Mama ta jawo yaron, ta tura shi ƙarƙashin gado, ta durƙusa tana kiran sunan Yesu. Ni kuwa, malamin makarantar Lahadi, ban iya haɗa ko addu'a ɗaya ba. Ruwa ya kece, ya jiƙa katifa da buhun masarar da ya rage mata. Ba a yi awa guda ba aka ɗauke.

Da muka fito, kwanon yana can cikin gonar maƙwabci a nannaɗe. Da mutum ya tarar a hanya, da labarin ya zama wani. Yaron ya dube ni, yana rawar sanyi, ya ce, "Malam, Allah ya yi fushi da mu ne?"

'Yan'uwa masu karatu, na sha jin masu bi suna saurin amsa irin wannan tambaya, wani ya ce horo ne, wani ya ce aikin Shaiɗan ne. Ina tsoron irin wannan sauri. Abokan Ayuba sun yi ta ƙirga masa zunuban da bai yi ba, da Ubangiji ya yi magana daga cikin guguwa kuwa, a sura 38, bai ba Ayuba dalilin wahalarsa ba, tambayoyi ya yi masa a kan ruwa da tsawa da ƙanƙara, daga baya ya tsauta wa abokan. Iskar da ta yaye ɗakin nan ita ce ta kawo ruwan da dukan Bomo take roƙo, masallaci da majami'a. Mahaifina ya ga farin 1973, har ya rasu bai taɓa yarda a yi gunaguni a kan hadari a gidansa ba. Amma ni a ranar nan ba ni da bakin kawo wa yaro Ayuba. Ɗakunan da ke kewaye duk suna tsaye da rufinsu. Na ce masa, "A'a, ɗana. Katako ne ya ruɓe, kuɗin gyaransa kuma yana wurina tun watan Janairu."

Mama ba ta ce kome ba. Ta dube ni kawai, ta shiga kwashe masara tana shanyawa a tabarma. Da ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Kafin magariba maƙwabta suka taru yin jaje, yawancinsu Musulmi. Wani Alhaji ya aiko 'ya'yansa suka ɗauko kwanon, matarsa ta ja Mama da yaron su kwana a ɗakinta. Na tura kekena cikin taɓo zuwa gida, ƙanshin ƙasa ya cika ko'ina, kwaɗi sun fara kuka a tafki, yara suna bin shinge da kwanoni a gindin fitila.

Ran Lahadi bayan sujada na tsaya gaban dattawa na faɗi abin da na yi. Kuɗin ambulan bai isa kuma ba, gama yanzu har da sabon kwano, sai na cika daga albashina. Ran Litinin da sassafe na kai kafinta Bomo. A hanya muka wuce tsohon nan mai fartanya, yana saran rami, jikarsa tana binsa da ƙwarya tana zuba iri. Na ce, "Baba, ba ka jira ruwa na biyu?" Ya ce ƙasa ta jiƙu kamu guda, ya tona ya gani.