Zuwa ga ƙanwata, malamar aji CI a Tasawa

Ƙanwata Rabi,

Mu nan Mayahi alhamdu lillahi, hatsi ya shiga rumbu, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Saƙonki ya iso. Kin ce an ba ki aji CI, ajin farko na firamare, rumfa ta cika maƙil, kina magana yaran na kallonki kamar ba su ji. Rabi, kunnensu lafiya lau, faransancin ne bai shiga ba tukuna. Yaro mai shekara 6 ko 7 da ya tashi cikin gari ya san aike, ya san canji, da yawansu ma sun zauna gaban malam da allo kafin su iso wajenki. Daga nan za ki ɗauko su.

Ki soma da lissafi. Littafi ya rubuta 100 F, yarinyar da ke tallar ƙosai a tasha kuwa dala ashirin ta sani, ta kuma san jaka guda dala 200 ce. Ba mai cutarta ko da dala ɗaya. To don me ranar gwaji za a ce ba ta iya ƙirga ba? Ki kawo tiya da hatsi cikin aji su auna, ki buɗe musu 'yar kasuwa da tsakuwa da marafan kwalba. Sai lambar ta zauna musu da Hausa, sannan ki ba su sunanta da faransanci. In za ki koya musu bishiyoyi, ki tambaye su wace ce ke kakkaɓe ganye da damina. Za su ce gawo, har wani ya ƙara miki da abin da kakansa ya faɗa game da sassaben zamani.

Kada ki ji tsoron sufeto a kan wannan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da faransanci a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a koyarwa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da 9 cikin 10 na yaranmu suna kai ƙarshen firamare karatu bai zauna musu ba. Abin yana ci mini rai, domin mu da muka yi lakwal zamanin da ake rataya wa mai magana da harshen gida sambol mun ga masu kaifin ƙwaƙwalwa da kunya ta rufe wa baki har suka bar zuwa.

Ki lura kuma, Tasawa ba Hausawa kaɗai ba ce. 'Ya'yan Fulani da na Buzaye suna nan, sau da yawa a bayan aji. Ki sa su koya wa sauran gaisuwa da ƙirga har goma da harshensu. Ki nemi wata tsohuwa a unguwa ta riƙa zo musu da tatsuniya. Idan sun girma, wani zai kai su Maijirgi su ga kaburburan sojojin Faransa Voulet da Chanoine, su ji abin da ya faru a ƙasarsu a 1899.

Ki gaida maigida da su Baba. Idan mai mota zai zo ranar kasuwa, zan aiko miki da alli da tiyar Inna ta da.

Yayanki,
Sani