Gajeriyar Giya a Motar Kawu

Kawuna tsohon malamin firamare ne a Birnin Kebbi, yana kuwa da wata tsohuwar Volkswagen, irin wadda yara ke kira kunkuru. Da kuɗin Udoji ya saye ta a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa irinta a Ikko. Har yau ita ke kai shi Argungu duk ran Juma'a wurin ƙanwarsa. To, da tsufa ya kama shi sai kafaɗarsa ta dama ta soma ciwo, in zai sa giya ta uku sai ka ga ya miƙa hannu can gaba yana yamutsa fuska.

A 2020 na je bikin kamun kifi na Argungu. Jama'a na can bakin Matan Fada, ni kuwa ina wurin motocin gasa ina leƙe-leƙe. Nan na ga direba yana canza giya da ɗan motsin wuyan hannu kawai. Da na bincika sai na ji ashe akwai wasu 'yan ƙarafa da ake sayarwa don gajarta tafiyar sandar giya, masu tsofaffin motocin tsere a Turai da Amurka sun daɗe da saninsu, har akwai na kunkuru. Na ce shi ke nan, na samo wa Kawu magani. Na tara kuɗi na sa aka kawo mini.

Wanda duk ya taɓa ban ruwa da jigo a fadama ya san asirin abin. Sandar giya jigo ce: tana da wurin da take juyawa, sama hannun direba, ƙasa kuma wani dogon ƙarfe da ya bi ta cikin ƙashin bayan motar har zuwa akwatin giya, don kunkuru a baya injinta yake. Kayan da na saya abu biyu suke yi, su ɗaga wurin juyawar nan sama kaɗan, su ƙara wa gindin sandar tsawo. Saboda haka ɗan motsi kaɗan a sama ya isa ya tura ƙarfen nan iyakarsa. Wannan duk na gane shi. Abin da ban tsaya na tuna ba, alhali kuwa mun yi shi a aji tun muna sakandare, shi ne abin da ka rage a tafiya sai ka biya shi da ƙarfi.

Noti biyu ne kacal suka riƙe sandar, sifana mai lamba 13 ke kwance su. Kafin la'asar na gama, ina ta jin kaina. Na fito gwaji, na ɗauki hanyar Argungu. Ina isa wani wuri da shanu ke tsallakawa, na taka kuloci zan dawo ta biyu, sai na ji ƙara ƙurrr kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Wallahi sai da gumi ya karyo mini. Da kyar na lallaɓa na kai ta gun wani tsohon bakanike a Argungu.

Ya saurare ni, ya ce, "Yaro, kwance mu gani." A ƙarƙashin sandar akwai wani ɗan faranti mai tudu a gefe guda, aikinsa ya tare sandar kada ta faɗa ribas sai an danna ta ƙasa, don ribas ɗin kunkuru maƙwabciyar giya ta biyu ce. Ni na goce shi wajen ɗaurewa. Tsohon ya sassauta notin, ya sa ta biyu, ya riƙa ɗan bubbuga farantin yana gwadawa, ya fi sau goma, kana ya ɗaure. Sa'an nan ya girgiza sandar, ya ce ai ciwon motar ba nan yake ba. Akwai wata 'yar roba da dogon ƙarfen nan ke ratsawa, ta cinye tun tuni, ita ta sa sandar ke lilo, Kawu ke lalube. Sai da ya zaro ƙarfen dungum ta gaban motar kafin ya canza ta, ya shafa giris. Kuɗin robar bai kai na kwanon shinkafa ba.

Na dawo gida giya na shiga tsaf-tsaf kamar kunamar bindiga. Da safe na miƙa wa Kawu makulli ina murmushi. Ya shiga, ya tura ta ɗaya, ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi ta shiga, amma na ga ya dafe kafaɗa. Bai yi faɗa ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, mi ka yi mata? Shekara arba'in da biyar muna tare, yau ba ta gane hannuna ba."

Na ce, "Kawu, don kafaɗarku na yi."

Ya ce, "Na sani. Allah shi yi maka albarka. Mayar mini da ita yadda take."

Ran nan da hantsi na kwance ƙarafan, na bar sabuwar robar, na daidaita farantin yadda na ga tsohon ya yi. Ran Juma'a na raka shi Argungu, na zauna a gefe ina kallon hannunsa. Yana miƙawa can gaba kamar dā, amma da yatsa biyu yake turawa, bai kuma yamutsa fuska ba har muka wuce gidan tarihin Kanta. Ƙarafan suna nan a ɗakina cikin gwangwanin madara.