1906: Daga Haɗeja Zuwa Filifin

 Ni ɗan Maruta ne, kuma mu 'yan Jigawa in an ce zuwan Turawa, Haɗeja ke faɗo mana a rai, inda sojan Ingila suka kashe Sarki Muhammadu a Afrilun 1906. A Maris sun ƙone Satiru kusa da Sakkwato. Cikin watan nan dai, can Filifin, ƙasar da Amurka ta karɓe daga hannun Sifen a 1898 kan dala miliyan 20, sojojinta suka hallaka ɗaruruwan Musulmi, har mata da yara, a dutsen Bud Dajo. Mu marubuta akwai bashi a wuyanmu. Soyayya kam mun rubuta, to waɗannan bayin Allah wa zai ba jikokinmu labarinsu? Allah Ya jiƙansu, amin.